Usur ɗin Tanimun

Arewa da Tanut, bayan kaka,
ƙarangiya ta bushe har tana amo.
Mu goma sha ɗaya ne, ba mai albashi:
akwai tela, akwai mai facin taya, makiyaya,
da ni, mai tallan cuku ran kasuwa.

Tsoho Tanimun, da ya zo daga Damagaram,
bai fara da wuta ba.
Ya damƙi rairayi ya saki,
ya ce, "Ina ya nufa?"
Kwana huɗu muna karatun iska
kafin mu taɓa manjagara.

"Kar ku tari kanta,
ku bi ta gefe, kamar mai kama bijimi.
In ta juyo, ku taka toka:
inda ta ci ba ta komowa."
Fatar hannunsa ta naɗe kamar ganda.
Ba mu tambaya ba.

Ran da ta tashi gabas da rijiya
ya rataya mini usur, ya ja baya.
Iska ta sauya.
Ga tarin ciyawar babana, tanadin rani,
taku hamsin kacal.
Ma'azu har ya zabura da jiƙaƙƙen buhu.
Na busa.
Na sake busawa, ya dawo yana zagina.

Muka tsaya cikin toka, tafin ƙafa na zafi,
muna kallon ciyawar tana hawa sama.
Tanimun bai ce sannu ba.
Ya ce, "Ƙirga."
Goma. Na sake, murya na rawa: goma.
Ya ɗora ƙonannen hannun a ƙirjina:
"Kai fa?"