'Yar Aji Ɗaya

Motar makaranta, rawaya, tana ƙaho a gindin tudu,
takwas saura kwata.
Na bar tafarnuwa a shanya, na wanke hannu sau biyu,
warin bai fita ba, ba zai fita ba.
Na rataya jaka mai hoton zomo
wadda jikata ta gaji da ita a Seoul, ta aiko.

Sunana Malsun. Ma'anarsa: ta ƙarshe.
Ni ce mace ta biyar a ɗakinmu,
ubana ya raɗa mini shi kamar mai banko ƙofa,
yana ce wa sama: ya isa haka.
Da namiji ya biyo bayana, maraƙi aka sayar don takalminsa.
Ni nake goyo shi har bakin makarantar nan,
in sauke shi, in laɓe bayan katanga,
ina jin yara ɗari shida suna rera baƙaƙe
kamar kwaɗi a fadamar shinkafa bayan ruwa.

Ɗari shidan nan yau sun koma bakwai.
Tsibiri ya yi furfura.
Jirgin ruwa yana kai matasa birni, ya dawo da wasiƙun haraji.
Sai takarda daga ofishin ilimi:
in babu 'yan aji ɗaya bana, a garƙame.
Shugaban makaranta ya bi gida-gida neman yara,
ya samu ɗaya tal,
sannan ya iske mu muna barbaɗa wa kabeji gishiri.
Ya cire hula. Ya ce, "Iyaye, ko za ku zo?"

Na yi dariya har haƙoran roba suka motsa.
Shekara sittin da bakwai ƙofar nan tana ganina, ba ta gaishe ni ba,
sai da rufinta ya fara yoyo ta tuna da ni.
Amma na je.
Fushi da rijiya ba ya kashe ƙishi.

Mu huɗu ne a aji.
Ni, da Bunrye mai gwiwar ƙarfe, da Jeomsun mai gyangyaɗi,
da Doyun, ɗan shekara bakwai,
wanda aka auro uwarsa daga Vietnam,
wanda 'yan kasuwa ke ce wa rabi-da-rabi
kamar an taɓa haifar rabin yaro.
Shi ke fiƙe mini fensir.
Ni ke ba shi dankali gasasshe daga aljihu,
ya kai wa uwarsa littafina da dare, ta kwafa.

Da, a banki, sai in ce na manta tabarau.
Shekara arba'in ina mantuwar tabarau,
idona kuwa garau, yana zura zare a allura.

Makon jiya ɗan takara ya zo da farin safar hannu,
da masu ɗaukar hoto uku.
Ya durƙusa gefen tebur ɗina, ya ce ni ce abin alfaharin ƙasa,
ya bar mini takarda mai sheƙi, ya ruga ya kama jirgin ƙarfe biyu.
Bai zaci zan karanta ba.

Kwana uku na yi a kanta, da yatsa, layi-layi.
Na ga gada. Na ga otal. Na ga tashar jirgi sabuwa.
Na juya baya, na sake juyowa.
Kalmar da na fi iyawa duk duniya,
wadda na rubuta sau ɗari har fensir ya huda takarda,
makaranta,
ba ta ciki.

To, na zauna na rubuta masa.
Baƙaƙena sun karkace kamar shingen da iskar teku ta buga,
malama Seo ta ce kar in gyara ko ɗaya.
Na ce: Yallaɓai, hoton ya yi kyau.
Akwai jariri a cikin uwar Doyun, watan bakwai.
A bar masa kujera.
Ubana ya ce ni ce ta ƙarshe,
shi ma bai yi gaskiya ba.

Na sa hannu, da kaina, ba dangwale ba.
Takardar tana warin tafarnuwa.
Ya shaƙa.