Kwamfuta ta Huɗu

A Ancud ruwa ba ya sallama,
sauka kawai yake tun asuba
kan kwanon ɗakin karatu na gari.
Kwamfuta shida gare mu. Ɗaya ta mutu tun bara.
Ta huɗu sai ta yi tari kafin ta tashi,
amma ita Eleuterio Barría ya fi so,
don ta fi kusa da murhun itace.

Minti arba'in kowa.
Ni na rubuta dokar, ni na manna ta a bango,
ni kuma nake fara kau da kai
in tsohon ya zauna da yatsansa guda,
yatsan da igiyar koma ta shafe wa zane,
yana neman haruffa
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.
'Yarsa na kwance a asibiti, can Punta Arenas.
Layi uku, rabin sa'a.

Ran Laraba wani ya leƙo daga bakin ruwa:
kwalekwalenka ya kwance!
Ya zabura, ya bar hula, ya bar kujera a karkace,
ya bar komai a buɗe,
akwatin saƙo, shafin banki,
ɗan kuɗin fanshonsa zaune tsirara
a gaban duk wanda ya zo.

Na gaba a layi Nahuel ne,
ɗan shekara sha uku, takalmi jiƙe,
wanda na kora sau biyu
kan ƙarar wasan tsere
da garin burodi tsakanin maɓallai.

Ina bayan kanta, hatimi a hannu.
Na ga ya zauna. Na ga ya gani.
Ban motsa ba.
Jira nake in kama shi, gaskiyar ke nan,
kuma ba ta yi mini daɗin faɗi ba.

Sai ya ɗaga tafin hagu
ya tare rabin allon,
kamar mai kare fitila daga iska,
ya lalubi linzami da dama,
ya fitar da tsohon daga banki, ya ja ƙofa.
Ya tsaya kan wasiƙar.
Kansa na kallon taga, wuyansa a murɗe,
ya kira ni ba tare da ya juyo ba:
Doña Herminia,
yaya ake ajiye abu ba a karanta shi ba?
In na rufe, zai ɓata.
Ya daɗe yana rubutawa.

Ido, wa ka raina?
Wanda kake gani yau da gobe.

Muka ajiye ta, ni da shi,
kowa na duban wani wuri.
Kalma ɗaya ta faɗo mini a ido duk da haka,
ba zan faɗe ta ba, ba tawa ba ce.

Eleuterio ya dawo wajen ƙarfe biyar,
ruwa na zuba daga gemunsa,
ya ɗauki hula, ya zauna, ta huɗu ta yi tari,
ya tarar da layinsa uku inda ya bar su.
Bai tambaya ba. Ya ƙara na huɗu.

Shi kuwa Nahuel, kafin ya tafi,
ya zo kanta da lissafinsa:
minti goma sha ɗaya ya rasa, in biya shi.
Na ce akwai mutum biyu a layi,
Maribel na neman aiki a kamfanin kifi,
sai gobe.
Ya yi tsaki, ya ja jaka.

Da na kashe fitilu na tsaya gaban takardar bango,
biro a hannu, zan ƙara doka ta takwas.
Na rasa yadda ake rubuta
tafin hannun yaro a kan allo.
Na mai da biron aljihu,
na karkaɗe garin burodi daga ta huɗu.