Littafin Awo

A shagona na bakin kasuwar Mai Wurno
akwai wani littafi mai baƙin bango,
gefensa duk man keke da zufar hannu.
Rabin garin nan na ciki, da kafaɗarsu da tsawonsu.
Shafinka, Muntasir, shi ne na talatin da ɗaya,
ban yage shi ba.

Awon farko kana ɗan shekara shida,
jallabiyar Sallah. Batula ta riƙe ka da ƙyar,
kana ta zillo, kai sai ka gangara Nilu
ka ga masu kwale-kwale.
Na rubuta hannu goma sha uku, na ƙara biyu don girma.
Kafin a yanke riɗi hannun ya ɗage,
biyun ba su ishe ka ba.

Daga nan lambobi suka yi ta hawa
kamar kogi a tsakiyar damina:
wandon makaranta, rigar ƙwallo,
da wani yadi ruwan toka da ka kawo a ɓoye
ranar da za ka je gaida 'yar gidan Hamidan.
Ka ce in rufa maka asiri.
Ko uwarka ban gaya wa ba.

Rannan ka shigo da kaki a leda,
tauraro ɗai-ɗai a kafaɗa.
"Baba tela, na gwamnati ne, ya yi mini yawa,
rage ƙugun, kada sojojina su yi mini dariya."
Sojojinka! Ni da na san ka da majina.
Na sa allura a baki don kada in yi magana,
na durƙusa ina naɗe ƙafar wandon,
mai furfura a gaban takalmin ɗan ashirin da huɗu,
kuma ban ji kunya ba.

Maɓalli ɗaya yana lilo, koren zare ya ƙare,
na kama shi da baƙi.
Ka sha shayi a tsaye, mota na jira a hanyar Sinnar.
Kuɗin ɗinki, ka ce sai ka dawo.
Na rubuta bashi a ƙasan shafi,
ban sa rana ba.

Labari ya zo ta waya, Talata bayan la'asar.
Batula na gasa kisra, ta bar ta a kan wuta
har maƙwabta suka ji ƙauri.
Aka shimfiɗa tabarmi, aka yi ta ɗaga hannu ana Fatiha,
kwana uku jabana na zagayawa,
ba gawa, ba makara,
ba wanda ya san inda za shi kai ziyara.
Ni da na yanka likkafanin mutum ɗari a garin nan,
naka ban auna ba.

Bayan wata biyu wani kofur mai ɗingishi
ya zo yana tambayar gidanku.
Ya ce a bakin wata gada ne, da asuba.
Kai ka tsaya kana ƙirga su suna hayewa
kamar mai shigar da awaki da magariba,
goma sha bakwai, goma sha takwas,
ka ce saura ɗaya, ka koma.
Ɗayan shi ne mai ba mu labarin.
Ya ce da kakinka suka rufe ka, ƙarƙashin wata aduwa.
Ya buɗe hannu: agogo, da maɓalli ɗaya.
Kowa agogon ya kalla.
Ni na ga baƙin zarena,
ban ce komai ba.

'Yar gidan Hamidan ta wuce nan jiya,
ta gaishe ni, ta dubi keken, ta yi gaba.
Yaran unguwa na ta zuwa awo, suna zillo irin naka,
ina ƙara musu biyu, hannuna na rawa.

Bashin na yafe tun ranar, Allah ne shaida,
Allah ya sa ka huta.
Abu ɗaya ne ban faɗa maka ba:
a cikin kalmasar ƙugun na ɓoye inci biyu,
na ce wata rana zai zama manjo, ya yi tumbi,
ya dawo in buɗa masa ina tsokanarsa.
Suna can tare da kai, ƙarƙashin aduwa,
ba a kwance su ba.