Daga Ɗaya Zuwa Goma

A Covilhã, bayan rufe masaƙar ulu,
wata ɗaliba ta hauro tudu da takardar tambayoyi.
"Baba Amílcar, daga ɗaya zuwa goma,
nawa za ka ba rayuwarka?"

Ya dubi yatsunsa. Tara ne.
Inji ya cinye guda tun yana saurayi.

Shekara sittin da biyu:
ya yi wa masu ɗaukar aiki tsufa,
ya yi wa ofishin fansho ƙuruciya.
Har yau ƙarfe biyar yake farkawa,
ya ɗaure takalmi, ya zauna bakin gado
yana jiran jiniyar da ta mutu.

"Rubuta huɗu."
Sai ga motsin Deolinda daga kicin.
Ya ɗaga murya: "Bakwai, 'yata. Bakwai na ce."