Sunan Gawo

Don maki na shiga, ba zan ɓoye ba.
An ce duk mai karatun noma a jami'a
sai ya bi ta ƙofar Latin ran Laraba.
Na ce wa Barira muna jiran kabu-kabu:
"Harshen da masu shi suka kwanta dama,
wa zan gaisar da shi a kasuwar Maradi?"

Mushe Nomau ya shigo da ganye a aljihu,
alli a kunne, takalmi ya sha faci.
Bai ce a buɗe kaye ba.
Ya ɗaga ganyen kuka, ya ware tafinsa kusa da shi.
"Ku ƙirga." Muka ƙirga, biyar nan, biyar can.
Ya rubuta digitata, ya ce, "Mai yatsu ke nan.
Wanda ya raɗa sunan nan, ido gare shi irin naku,
ya dai tsaya ya duba."

Daga nan wuya ta fara.
Kalma ɗaya, riga shida,
in ita ta yi aikin, ga wutsiyarta,
in a kanta aka yi, ta sake wata.
Terra, terram, terrae,
muna maimaitawa, wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya,
zufa na ɗiga a kan takarda.
Aikatau kuwa sai ƙarshen jimla yake zuwa
kamar mai gida da ake jira kafin a buɗe akushi.

Ranar da muka iso agricola
na rantse mace ce, tunda da "a" ta ƙare.
Ya yi dariya har allin ya faɗo.
"Gida fa? Ruwa fa? Mata ne?
Manomi ke nan, Mantau, namiji ne.
Kowane harshe na da 'ya'yan da ba sa jin magana."

Jarrabawar farko, bakwai bisa ashirin.
Na naɗe takardar zan cusa a jaka,
sai na ga jan biro a ƙasa:
"Ka san kalmomin, gaggawa ce ta ci ka.
Ka zo ran Asabar, akwai shayi."
Na je. Mu huɗu a ƙofar gidansa a Bagalam,
tabarma, butar shayi, tsohon ƙamus da ɗinkin zare,
yana jira, ba ya ƙarasa wa mutum amsa,
ko da shirun ya kai tafasa ta biyu.

A nan na sake tambayar da na yi wa Barira.
Ya nuna gawon da ke bayan katanga.
"Da damina, kowa ya yi kore, shi tsirara,
baƙo ya gani ya ce a kawo gatari.
Jira rani. Wa ke ba awaki inuwa?
Albida ake ce masa, mai ɗan fari-fari.
Faransancin da kake ci da shi, jikan wannan harshe ne,
kuma kwalbar maganin innarka da shi take magana."

Da hutu na sauka Jiratawa.
Baba na jan ruwa a kwamin albasa,
laka har gwiwa, bai ɗago ba.
Na ce, "Baba, kai agricola ne."
Ya ce, "Zagi ne ko kirari?"
Na ce, "Suna ne, ya girmi kakan kakanka."
Ya ce, "To. Shi mai sunan, ya iya riƙe hauya?"

Na karɓi hauyar.
Agricola terram amat, na faɗa a raina,
manomi, ƙasa, sai so a ƙarshe,
ban yi kuskuren wutsiya ko ɗaya ba,
kuma ba Mushe Nomau a kusa da zai ji.
Gawon bakin gona bai zubar da ganye ba tukuna.