Lawashi

Wata goma sha tara ke nan allon nan yana kore.
A Shanghai ja ne launin riba.
Kore kuwa, in ya malale bango,
ba damina ba ce, guminmu ne ke tsiyaya.

Tara da rabi nake isowa, kamar da,
da fulas ɗin shayi da tabarau mai karyayyar ƙafa,
kujera ta uku daga taga.
Shekara talatin da ɗaya na yi a masaƙa.
Abin da auduga ta bari a huhuna na kai gida,
abin da ta bari a aljihuna na kawo nan.

Da fari mun ce hadari ne, zai wuce.
Tsoho Qiu har ya ƙara saye,
wai araha ce ta yi sallama.
A wata na shida muka ce an kai ƙasa.
Ashe ƙasar ma tana da rijiya.

Yanzu Qiu ya ba lambobi baya, karta yake bugawa,
amma ina ganin kunnensa na motsi
duk sa'ad da wani ya ja tsaki.
Meifen ta daina zuwa tun sanyin bara.
Ba wanda ya zauna a kujerarta,
ba wanda ya tambaya.

Mu da bakinmu muke kiran kanmu lawashi:
a yanke mu, mu tofo, a dawo da wuƙa.
Muna faɗa muna dariya,
irin wadda ba ta wuce haƙora.

Ɗana Zhenhua ya kira daga Suzhou:
"Mama, ki sayar, ki tsira da saura."
Na ce to.
Ban gaya masa ba, muddin ban sayar ba
asarar lamba ce kawai a bango.
Ranar da na danna, ranar za ta zama
ɗakin da na yi niyyar saya masa.

Jiya, saura minti goma a tashi,
wani kamfanin siminti ya yi ja.
Ɗigo ɗaya, kamar allura ta soki yatsa.
Zauren ya yi tsit. Qiu ya kife kartarsa.
Zuciyata, marar kunya,
ta miƙe tsaye tana lissafi.

Kafin uku ta buga ya koma kore.

Na zubar da ganyen shayi, na ɗaura mayafin wuya.
Mai gadi ya ce, "Sai gobe?"
Ban amsa ba, ya san amsar.
A kasuwar bayan layi na tsaya sayen lawashi.
Shi kam ya ƙara kuɗi.