Fom na Bakwai

Jirgin ƙarshe ya bar Duluth da lodin tama
kafin tafki ya daskare.
Ni ban je ko'ina ba.
Ina teburin girkin Mama, kofi ya huce,
ina cike fom na bakwai.

"Faɗa mana cikin kalma dubu
me ya sa kike neman digirin digirgir a tarihi."
Kalma dubu!
Kakata Aune ta shekara arba'in da ɗoriya
ba ta furta goma ba a kan ramin da ya haɗiye mijinta.
Ni an ce in kawo dubu kafin sha biyun dare,
in ɗora dala saba'in da biyar, ladan dubawa.

Na buga lissafin da burodi:
asuba nawa ke nan gaban tandar Rasmussen,
fulawa har gwiwar hannu,
don wani kwamiti a garin da ban taɓa takawa ba
ya ba sunana minti huɗu?

Farfesa Thibodeau ta ce, "Linnea, ki buga wani abu.
Maƙala ɗaya a mujalla ta fi yabon malamai uku nauyi,
da zafi-zafi akan bugi ƙarfe."
Tsoho Wendt na ofishin ƙarshen baranda ya girgiza kai:
"Sauri ya haifi nawa.
Abin da kika buga da ɗanyen kai
zai bi ki har furfura, da sunanki a goshinsa."
Duka biyun na ce musu to.

Abin da nake da shi bai taka kara ya karya ba:
wasiƙu talatin da ɗaya
cikin kwalin takalmi, a ɗakin ƙasa na gidan adana tarihi,
matan da aka bari da marayu
suna roƙon kamfani ya bar su a gida zuwa bazara.
Wata ta rubuta da fensir, ta danna har takarda ta huje.
Wata ta nemi a maido mata agogonsa kawai.

Na tura. Wata takwas shiru,
kamar an aiki bawa garinsu.
Sai ga amsa ranar wata Talata: ki gyara, ki sake turowa.
Mai bita na ɗaya ya yaba, layi uku.
Na biyu, wanda ba zan taɓa sanin fuskarsa ba,
ya cika shafi biyar.
"Wannan ta'aziyya ce, ba muhawara ba.
Kuma ina waɗanda ba su rubuta ba?"

Na zage shi a mota, na zage shi gaban tanda,
na murza kwaɓin fulawa kamar wuyansa ne.
Kwana tara ina yi.
A na goma na koma ga kwalin,
na bi sunayen ɗaya bayan ɗaya da yatsa
kamar yadda na yi tun ranar farko
ban gaya wa kowa ba.
Babu Aune.
Ba ta roƙi kowa ba. Ta ɗaure kaya, ta ja yara uku,
ta shiga wankin kayan asibiti.
Bai san ta ba, amma ita yake tambaya.

Yanzu a takardar tarihin aikina
akwai layi ɗaya siriri: "tana hannun masu bita."
Ban san ko zai ɗauki nauyina ba.
An ce mutum ɗari biyu ke nema, shida za a ɗauka,
kuma ko ka gama, aikin sai an tona.
Mama ta leƙo da rigar barci:
"Har yanzu matattun nan ne?"
Na ce su ne.

Kalma ɗari tara da casa'in da ɗaya.
Na bar tara ɗin a fili, na Aune ne.
Sha biyu saura takwas na danna.

Sai Fabrairu, in ji su, ko Maris.
Ƙarfe uku da rabi zan tashi
in kankare ƙanƙara daga gilashin mota.